Mutumin Gindin Shafi

Ɗakin karatun makarantarmu yana da wari nasa na kansa, wanda ban ƙara jin irinsa a ko'ina ba: warin takardar da ta sha damina da yawa, da na jan man goge daɓe, da ɗan ƙaurin maganin gara da ake barbaɗawa a bayan kantoci, sannan in iska ta kaɗo ta tagar yamma sai ƙanshin itatuwan turare ya shigo ya gauraya da su duka. Ni kuwa ɗan kwarin Binuwai ne, inda mutum ke kwana a tsakar gida yana fifita da mafici har asuba, ga shi an kawo ni kan duwatsun Filato a farkon shekarun 1980 da adakar ƙarfe, da tsohon gwadon Baba, da rigar sanyi ta gwanjo wadda hannuwanta suka fi nawa tsawo. Sanyi nake gudu. Shi ya fara kai ni ɗakin karatu, don nan ne kaɗai tagogi ke da gilashi suna kuma rufuwa ruf.

A kusurwar da nake zama akwai akwatin katuna mai ƙananan aljihuna, kowane da ɗan mariƙin tagulla da hannaye suka goge har ya yi sheƙi, in ka ja ɗaya sai ya yi ƙara ƙiii, mai kula da ɗaki ya ɗago kai ya harare ka ta saman tabarau. Nan nake buɗe ƙaton littafin da aka ɗora mana mu 'yan Lutaran, mai ɗauke da Shaidar Bangaskiya ta Augsburg, wadda Filib Melankton ya tsara aka karanta a gaban Sarki Charles na Biyar ranar 25 ga Yuni, 1530. A sashe na shida, inda ake maganar bangaskiya da ayyuka nagari, an kafa hujja da Ambros, bishop ɗin Milan, cewa shi ma ya koyar da samun ceto ta bangaskiya kaɗai. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Ambros fa, wanda ya yi wa Agustin baftisma, wanda ya tsare Sarki Tiyodosiyus har ya tuba a bainar jama'a. In irin wannan gwarzo na bayanmu, wa zai ja da mu? Sai dai akwai wata 'yar lamba a ƙarshen jimlar, na bi ta da yatsa zuwa gindin shafi, inda rubutu ke ƙanana sai an sunkuya. A can Ambrosiyasta aka rubuta.

Na ɗauka hannun mai jera haruffa ne ya zame.

Malaminmu na tarihin ikilisiya dattijo ne ɗan ƙasa, wanda ya fara karatu a hannun limaman Katolika, ya sha Latinanci tun yana ɗan gajeren wando, kafin hanya ta juya da shi zuwa wajenmu. Tabaransa ɗaure yake da baƙin zare a gefe guda. Da yamma yakan zauna a baranda, kaskon garwashi tsakanin ƙafafunsa, butar shayi a kai tana huci, mayafi a kafaɗa, kusa da shi ɗan langa na gyaɗa marau-marau da yake tsinta ɗaya ɗaya. Na je na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa littafin da yatsana a kan wurin.

"Malam, wai kuskuren bugu ne wannan?"

Ya kai shafin kusa da hancinsa, ya yi dariyar da ta zame masa tari.

"Jawo kujera, ɗana. Ka tono mutumin da ya fi kowa iya ɓuya."

A Roma, in ji shi, zamanin Paparoma Damasus, wanda ya riƙi kujera daga 366 zuwa 384, wani mutum ya zauna ya yi sharhin wasiƙun Manzo Bulus goma sha uku da Latinanci, aya bayan aya, daga Romawa har Filimon, ya bar Ibraniyawa bai taɓa ba. Mariyus Biktorinus ya riga shi taɓa wasu 'yan wasiƙu, amma cikakken sharhi irin wannan a Latinanci, nasa ne mafi tsufa da ya iso hannunmu. An gane zamaninsa ne don da ya zo Timoti ta Fari ya ambaci Damasus a matsayin mai riƙon ikilisiya a lokacin. Ya kuma rubuta tambayoyi da amsoshi kan Tsohon Alkawari da Sabo, waɗanda a tarin da aka fi sani sun kai 127. Sunansa ne kawai bai zo tare da su ba. Masu kwafe littattafai a gidajen sufaye kuwa ba sa son littafi maraya, sai sharhin ya wayi gari da sunan Ambros, tambayoyin kuma da sunan Agustin, aka yi ta karanta su haka ɗaruruwan shekaru ana yanke hukunci da su. Masani Erasmus ya nuna shakka kan sunan Ambros a 1527, shekara uku kafin taron Augsburg, daga baya aka laƙaba wa mutumin wannan suna mai ɗan ba'a, wato mai kama da Ambros amma ba shi ba. Sai a 1905 wani masani ɗan Sikotlan, Alexander Souter, ya auna kalmomi da salon littattafan biyu ya tabbatar hannu ɗaya ne ya rubuta su. Malam yana da wani littafin Souter na 1927 kan tsofaffin sharhohin Latinanci, bangonsa ya ɓalle an ɗinke da zaren buhu, yana kuma da littattafan rubutu da ya cika da hannunsa sa'ad da ya je karatu waje, yana kwafa daga bugun Vogels da ya fito tsakanin 1966 da 1969. Daga cikinsu yake karanta mini, yana juyawa Hausa da baki, ni ina rubutawa a kan cinya har hayaƙin garwashi ya sa mini hawaye.

Ina mamakin yaron nan, wato ni kaina. A wancan lokacin babu abin da yake ƙauna a duniya kamar sunansa. Kuɗin guzirin da Mama ta ƙulle masa a bakin ɗankwali, bai sayi sabulu da su ba, bai sayi sukari ba, mota ya shiga zuwa Jos ya sa wani mai sassaƙa roba a bakin kasuwa ya yi masa hatimi: sunansa, sunan ubansa, da ɗan gurbi a gaba da aka bari don Rabaran in lokaci ya yi. Ya buga shi a kan kowane littafi, shafin farko da na ƙarshe da gefen takardu, ya buga a cikin murfin adaka, har a gindin kwanon cin abincinsa ya gwada, tawwada ta ƙi zama. Har yau nakan ji ƙanshin 'yar katifar tawwadar nan mai ruwan shuni, a cikin gwangwaninta mai tsatsa a kusurwa. To me ya kai mai irin wannan hali wurin mutumin da ya yi aiki haka ya tafi ba suna? Ina jin haushi ne. Gani yake an yi wa wani sata, yana so ya gano mai kaya.

Amma muryar mutumin ce ta riƙe ni. Mun riga mun ɗanɗana masu sharhin dā waɗanda ke ganin asiri a bayan kowace kalma, itace ba itace ba ne, rijiya ba rijiya ba ce, komai ishara. Wannan ba ruwansa da haka. Yakan ɗauki aya ya tambaya wa ake wa magana, me ya faru a garin har manzo ya ɗauki alƙalami, ya faɗi ma'ana a taƙaice, ya wuce. Ya san dokokin Roma, ya san al'adun majami'ar Yahudawa, yana magana irin ta wanda ya saba sauraron ƙara. Yana kuma da ƙorafi, abin da ya sa na ji kamar na san shi. Romar zamaninsa ba ta kwanciyar hankali ba ce. A zaɓen Damasus magoya bayansa da na Ursinus sun gwabza, har marubucin tarihi Amiyanus ya ce an ƙirga gawa 137 a majami'a guda cikin yini ɗaya. Dikinonin birnin bakwai ne kacal, su ke riƙe da jakar kuɗi, su ke kusa da kunnen bishop, har suka fara ɗaga wa firistoci hanci. Mutumin namu ya ware tambaya guda, ta 101, ya yi musu wankin babban bargo. Da Malam ya zo nan sai ya kife littafin a cinya, ya share ido da gefen mayafi, ya ce, "Ɗana, in ka fita aiki, ka riƙa gaida ma'aji da kyau."

Da Jerom ma, ga dukkan alama, ba sa ga maciji. Damasus ya sa Jerom ya gyara Linjilar Latinanci bisa Helenanci, namu kuwa ya kafe kan tsohon juyi, yana cewa littattafan Helenanci su kansu ba bakinsu ɗaya ba, masu gardama sun sa musu hannu, alhali tsohon Latin yana da shaidar irin su Tatuliyan da Sifiriyan. Jerom, wanda bakinsa ba linzami, ya rubuta wa Marsela wasiƙa ya kira masu sukarsa jakai masu tafiya da ƙafa biyu, kuma masana da dama na ganin har da namu a ciki. A lokacin sabon juyin Hausa bai daɗe da fitowa ba, na kuma baro dattawan garinmu rungume da na 1932, suna cewa sabon ba shi da gishiri. Ni da na lashi Helenanci sama-sama, ina bayan Jerom da ƙarfina. Duk da haka in Malam na karanta ƙorafin mutumin, muryar dattawan nan nake ji, da yadda suke lasar yatsa kafin su buɗe shafi.

Sai muka zo Romawa sura ta biyar.

Juyin Latin da ke gabansa, a aya ta 12, ya nuna cewa cikin Adamu ne kowa ya yi zunubi, alhali Helenanci, yadda yawancin masu fassara suka fahimce shi, nufinsa mutuwa ta bi kowa saboda kowa ya yi zunubi. A kan karatun da ke gabansa mutumin ya ɗora cewa dukanmu mun yi zunubi cikin Adamu tamkar muna dunƙule a curi ɗaya. Da Malam ya ce curi, Kaka na gani a gabana. Maginiyar tukwane ce. Takan tafi bakin rafi tun raɓa ba ta ɗaga ba, ta haƙo yumɓu da guntuwar fartanya, ta ɗauko a tsohon masaki, ta jiƙa, ta zuba garin tsingaro, ta tattake da ƙafafunta masu faso tana wata waƙa ta yarenmu da ban riƙe ko kalma ɗaya ba, sannan ta tara shi curi guda ta lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwar rumbu. Nakan saci hanya in ɗaga tsumman in kifa tafin hannuna a kai don sanyinsa, da warin nan na ƙasa bayan ruwan farko. Daga curin nan tulu zai fito, da randa, da kasko, da ɗan asusun da za ta ba ni. In tsakuwa ta shiga curin ba a gani ba, duk abin da aka gina da shi yana iya ɗauke da ita, sai ranar gashi ka ji tas, tas, a cikin wuta, Kaka na zaune gefe a kan turmi tana ƙirga asararta da kunne.

Wajen shekara ta 420, yana tsakiyar fafatawa da mabiya Pelajiyus, Agustin na Hifo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ɗauko wannan jimla ya kafa hujja da ita kan zunubin gado, yana cewa maganar tsarkakken Hilari ce. Wani sunan aro ke nan kuma. Daga nan maganar curin ta shiga jinin tauhidin Yamma, ta bi ta makarantun Turai, ta bi ta kan Luta, ta hau jirgin ruwa da 'yan mishan na Danmak da suka sauka Numan a 1913, har ta iso ajin baftismar da Baba ke koyarwa a ƙarƙashin darbejiya. Amma mutumin bai tsaya inda Agustin ya ajiye shi ba. A layukan da ke biye ya raba mutuwa biyu: ta jiki, wadda muka gada daga Adamu, da ta biyu, wadda ya ce laifin mutum na kansa ke kai shi cikinta, ba na Adamu ba. Agustin ya ɗebi rabin da yake bukata ya bar sauran. Pelajiyus kuwa, da ya yi nasa sharhin a Roma kafin 410, shi ma ya karanta mutumin ya amfana da shi. Mutum biyu da gardamarsu ba ta mutu ba har yau, kowane da littafin mutum ɗaya a gabansa, ɗaya bai ma san na wane ne ba.

Kaka ta rasu ba baftisma. Ta yarda a yi wa 'ya'yanta da jikokinta, takan kawo tuluna kyauta ga zumuntar mata, amma ita ta ce ta tsufa da sauya hanya. A aji ni ne zaƙaƙurin ɗan Agustin, ina ɗaga hannu ina kawo aya a kan aya, da dare kuma in shige cikin gwado, iska na kuka a kwanon rufi, in kasa rufe ido. Mutumin bai ce mini Kaka ta tsira ba, ba irin wannan malamin ba ne, ba ya lallashi. Abin da na ji daga gare shi shi ne, a rana ta ƙarshe nata za a tambaye ta, ba bashin Adamu ba. Na san nata kuwa, gwargwadon abin da jika zai sani. A daren na yi barci.

Da hutu na hau babbar mota zuwa gida da littafin rubutuna a cikin riga. Baba mai bishara ne. Shi ke buga tsohon wilin motar da aka rataye a darbejiya da asuba, shi ke wa'azi, shi ke koyar da masu neman baftisma, shi ke raba faɗan ma'aurata, shi ke binne gawa. Baftisma da Jibin Ubangiji kuwa sai an jira fasto ya zo a kan babur daga babban gari, ranar nan Baba zai sa farar rigarsa da aka goge da dutsen guga na gawayi, ya tsaya gefe riƙe da tasa da tawul, yana raɗa wa fasto sunayen mutanen da shi ya rene su. Tun ina yaro abin ke ci mini rai. Yanzu ga ni da makami. A sharhin Afisawa sura ta huɗu mutumin ya ce a farkon ikilisiya, don jama'a ta yawaita, an bar kowa ya yi wa'azi, ya yi baftisma, ya bayyana Littafi a cikin taro, sai da ikilisiyoyi suka bazu ko'ina aka tsara muƙamai. A wani wurin ya ce bishop da firist naɗinsu ɗaya, bishop na farko ne kawai a cikinsu. Ya ma koka cewa dā ba a yin komai sai da shawarar dattawa, amma al'adar ta mutu, yana zargin girman kan malamai.

Na tarar da Baba yana faci. Ya zare tiyub ɗin kekensa ya hura, yana bi da shi cikin tasar ruwa a hankali, taƙi bayan taƙi, yana jiran inda kumfa za ta taso. Na tsuguna na karanta masa, muryata na rawa don zafi. Bai ɗago ba har na gama.

"Shi malamin, cewa ya yi a koma yadda ake dā?"

"A'a, Baba. Ya ce da jama'a ta yi yawa tsarin ya zama dole."

"To."

Kumfa ta taso, ya sa yatsa a wurin, ya tsane da gefen wando, ya fara kankarewa da guntun dutse.

"Wane ne shi?"

Na ba shi labarin Ambros da Hilari da Agustin, da yadda aka yi ta rataya musu aikin wani. Ya yi murmushi ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Miƙo mini sholisho." Ran Lahadi kuwa ina zaune a kan dakalin ƙasa na majami'a, sai na ji shi a tsakiyar wa'azi yana cewa wani bawan Allah na dā ya ce a farko kowa mai bishara ne, don haka kada wanda ya bar masa aikin shi kaɗai, kowa ya je ya faɗa wa maƙwabcinsa. Ya juya makamin ya nufi wani wuri dabam. Bai faɗi sunan kowa ba, har da na ɗansa da ya ɗauko maganar tun daga Filato, ni kuwa ina ta gyara zama ina jiran a waiwayo a dube ni.

Akwai shafukan da ban kai gida ba. Na tuna yammacin da Malam ke karantawa daga Korantiyawa ta Fari sura ta goma sha ɗaya, uwargidansa ta fito da ƙarin garwashi a marfin tukunya, sai ya daina juyawa, ya ci gaba da Latinanci tsantsa yana gyaran murya har ta koma ciki. Sannan ya rage murya ya faɗa mini. Mutumin ya koyar cewa mace ba a cikin siffar Allah aka yi ta ba, don a wurinsa siffar nan ta mulki ce, namiji ke ɗauke da ita, kamar yadda ya ce sarki na ɗauke da siffar Allah, bishop kuma ta Almasihu. Ya kuma yarda miji ya sake aure in ya rabu da matarsa saboda zina, amma bai ba mace irin wannan dama ba. Na dubi garwashin da matar ta kawo, na tuna Mama da fitilar ƙwai a hannu tana ratsa gonakin dawa da tsakar dare zuwa inda wata ke naƙuda, da yadda take buga tulu a zumuntar mata har jijiyar wuyanta ta tashi. Ban yarda da shi ba a ranar, yau ma ban yarda ba. Gaskiya ne ya kare darajar aure da haihuwa a tambaya ta 127, a zamanin da Jerom da abokansa ke ɗaukaka zaman budurci har aure ya zama abin kallon raini, wannan na ba shi. Bai goge wancan ba.

A nan ne haushin da na zo da shi ya canza wuri. Dā ina jin an cuci mutumin da aka ɗauke masa suna. Amma maganarsa kan mata ta shiga littafin dokokin ikilisiya na Giratiyan wajen 1140 da sunan Agustin da na Ambros, lauyoyi da malamai suka yi ta jan ta ƙarni bayan ƙarni, don wa zai ce Agustin ya yi kuskure? Maganar sakin aure ta dami masana har Bitrus Lombad ya ce masu jabu ne suka cusa ta a littafin Ambros, ya gwammace ya zargi ɓarayin alƙalami da ya musa wa waliyyi. Da sunan wani firist na unguwa ne a kan littafin, da an yi gardama da shi yadda ake yi da kowa, a ɗauki na ɗauka a zubar da na zubarwa. Sunayen aro sun tsare littafin daga gara da wuta, sun kuma sa an ji tsoron taɓa shi. Melankton ma Ambros yake bukata a gaban sarki, ba wani wanda ba a san ubansa ba.

Sai a 2009 cikakken sharhin ya fito da Turanci, fassarar Gerald Bray, 'yata ta sayo mini. Lokacin Malam ya daɗe da rasuwa. Na buɗe da ɗoki, takarda fara fes mai warin sabon kwali, amma duk layin da na karanta da Hausar Malam nake jin sa, da tarinsa a inda ya saba tsayawa, da ƙarar gyaɗa a haƙoransa. Na sake tarar da wurin da ya fi so, a gabatarwar Romawa, inda mutumin ya ce bai kamata a ga laifin Romawa ba, yabo suka cancanta, don sun ba da gaskiya ba su ga al'ajibi ba, ba su ga ko manzo ɗaya ba. Malam yakan ce wanda ya rubuta haka ya san talakawan ikilisiya.

Kan ko wane ne, Malam yana da nasa gwani. Wani sufi Bafaranshe, Germain Morin, ya kawo shawara a 1899 cewa Ishaku ne, Bayahuden da ya karɓi bangaskiya, ya kai Damasus ƙara, aka kore shi zuwa Sifen, har aka ce ya koma addininsa na dā. In haka ne, ga dalilin sanin majami'a, ga kuma dalilin da zai sa a kankare sunansa. Morin da kansa ya sauya ra'ayi, ya koma kan wani babban jami'in gwamnati mai suna Hilariyus, daga baya ya sake komawa kan Ibagiriyus na Antakiya, Malam kuwa ya ƙi binsa, ya ce shi a tashar farko ya sauka. Yau masana da yawa sun tsaya kan cewa firist ne a Roma, ba su ƙara komai ba.

Ɓuyan dai tsoho ne. A 398 wani mai suna Ibanjelus ya aika wa Jerom wata takarda da ke cewa Malkisadik Ruhu Mai Tsarki ne, irin abin da ke cikin tambaya ta 109, Jerom ya amsa yana ƙorafin cewa ba suna a kanta, ko mai aikowa ne ya cire, ko marubucin ne ya ɓoye kansa don gudun gardama. 'Yan shekaru kafin wannan, yana zaune a Baitalami, Jerom ya jera fitattun marubutan Kirista su 135, ya fara da Bitrus. Babu inda ya ambaci sharhin nan ko tambayoyin. Na 135, wanda ya rufe jerin, da lissafin littattafansa ɗaya bayan ɗaya, Jerom ne da kansa.